Tunawa Da Shehun Malami Abdullahi Ɗayyib, Mutumin Damar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, Buhari da Muslim sun ruwaito hadisi daga Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da su, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana yadda ilmi zai gushe daga duniya. Ba za a zare shi daga ƙirazan mutane dare ɗaya ba. Malamai ne za su riƙa rasuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi da abin da ke ƙirjinsa, har a wayi gari jama'a su ɗauki marasa sani su sa a gaba, su ɓace su kuma ɓatar. Saboda haka ambaton malamin da ya riga ya kwanta dama yana da amfani biyu. Na farko a yi masa addu'a, domin hakkinsa ne. Na biyu a duba a ga abin da ya tafi da shi, da abin da ya bari, da kuma ko an sami masu ɗauka.

Malamin da filin nan zai ambata a wannan mako shi ne Shehun Malami Abdullahi Ɗayyib na ƙasar Sudan, wanda ya rasu a Hartum ran 19 ga watan Yuni 2003. Samarin yanzu da wuya su san sunansa. Amma dattawan da suka yi karatun Larabci a Kano sun san shi, domin shi ne ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero daga 1964 zuwa 1966, tun tana jaririya, kafin ta girma ta zama Jami'ar Bayero.

An haife shi ran 2 ga watan Yuni 1921, wanda ya yi daidai da 25 ga watan Azumi na shekarar 1339 bayan Hijira, a wani ƙauye da ake kira Tamirab, kusa da garin Damar, a gefen Kogin Nilu, arewa da Hartum. Gidansu shi ne gidan Majazib, zuriyar malamai waɗanda aka san Damar da su tun ƙarnoni. Wani Bature matafiyi mai suna Burckhardt ya ratsa garin a 1814, ya rubuta cewa ya tarar da gari wanda malamai ke riƙe da shi, ɗalibai suna zuwa karatu daga wurare masu nisa. Makarantar allo a can sunanta halwa, kuma su ma suna hura wuta da dare almajirai su kewaye ta da allunansu, kamar dai yadda ake yi a tsangayun Barno da Haɗeja. Wanda ya tashi a irin wannan gida, kunnensa ya saba da Alƙur'ani da waƙen yabon Annabi tun bai san bambancin fa'ili da maf'uli ba.

Daga nan ya shiga makarantun gwamnati a Kasala da Damar da Barbar, ya wuce Kwalejin Gordon ta Hartum, wadda daga baya ta zama Jami'ar Hartum. Bayan ya ɗan koyar sai aka tura shi Ingila, inda ya sami digirin Dokta a Jami'ar Landan cikin 1950. Bincikensa a kan Abul Ala'i Alma'arri ya yi shi, makahon mawaƙin nan na Sham wanda ya rasu a shekarar 449 bayan Hijira, mutumin da malamai suka yi ta saɓani a kan aƙidarsa amma ba wanda ya yi jayayya a kan ƙwarewarsa a harshe. A Landan ɗin ne kuma ya auri wata Baturiya mai zanen hotuna, Griselda, wadda mutanen Sudan suka sani da Jauhara. Ta zauna da shi duk inda aiki ya kai shi, bayan rasuwarsa kuma ta ci gaba da zama a Hartum har ta rasu a 2022.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai kai ɗan gidan Majazib birnin Landan neman Larabci? Ashe ba a bar gini an koma yaɓe ba? Tambaya ce mai kyau, an kuwa sha yin irinta a ƙasar nan a kan malaman da suka fita. Amsa ita ce, Larabcin da guzurinsa ya tafi da shi daga gida. Abin da irin waɗannan jami'o'i ke ƙara wa mutum shi ne tsarin bincike, da gwada rubutun hannu da rubutun hannu, da sanin abin da wasu al'ummai suka faɗa a kan adabinsu. Musulunci bai hana karɓar wannan ba. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansa an sa su koya wa yaran Madina rubutu, alhali kuwa mushirikai ne. Zaidu ɗan Sabitu kuma Manzon Allah da kansa ya umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa. Haɗarin yana ga wanda ya tafi hannu wofi, domin shi duk abin da aka zuba masa da shi zai komo.

Da ya komo gida sai ya yi aiki a makarantar horon malamai ta Bahtar-Ruda, a bakin Farin Nilu, yana shugabantar sashen Larabci. Wannan makaranta ba baƙuwa ba ce ga mutanen Arewa, domin can aka tura su Alhaji Abubakar Mahmud Gumi ƙaro ilmi a tsakiyar shekarun 1950. Abin lura shi ne, Dokta sabon dawowa daga Landan bai raina rubuta wa yara littafin karatu ba. Har tatsuniyoyin da tsofaffin matan Sudan ke yi wa jikokinsu ya tattara ya mai da su littafi, mai suna Al'ahajis Sudaniyya. Daga nan ya koma Jami'ar Hartum, ya zama Shehun Malamin Larabci, ya kuma riƙe shugabancin Tsangayar Adabi tun daga 1961.

Babban aikinsa na rubutu shi ne Almurshid ila Fahmi Ash'aril Arab wa Sina'atiha, watau jagora zuwa fahimtar waƙoƙin Larabawa da yadda ake ƙera su. Juzu'i na farko ya fito a Alƙahira cikin 1955, bai kuwa kammala littafin ba sai bayan wajen shekara 35, kashi huɗu cikin mujalladi biyar. Masu karatun zaure sun san ilmin aruli, wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara, ya fitar da bahari 15, Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Yawancin ɗalibai haddace ma'aunan suke yi kamar lissafi, su yanka baiti gaɓa gaɓa, su ce wannan Ɗawil ne, wancan Kamil ne, shi ke nan an gama. Abdullahi Ɗayyib sai ya tambayi abin da ke bayan lissafin. Me ya sa mawaƙi ya zaɓi wannan bahari ya bar wancan? Ya nuna cewa kowane bahari da ɗabi'arsa, wani ya dace da alfahari da manyan al'amura, wani da kuka da bege, wani da raha. Ya bi amsa-amo harafi harafi, ya nuna wanda ke da sauƙin hawa da wanda ke kā da mawaƙi. Sa'an nan ya shiga amon kalmomi, da ishara da kinaya, da yadda ake gina ƙasida tun daga tsayuwa a kufai har zuwa manufa. Duk inda ya kafa hujja sai ya kawo baitoci, tun daga Imru'ul Ƙaisi har zuwa Mutanabbi da waɗanda suka biyo baya, mafi yawa kuwa a ka suke, domin waɗanda suka saurari laccocinsa sun shaida yana jero ƙasidu ba takarda a hannu.

Wanda ya rubuta wa littafin gabatarwa shi ne Ɗaha Husaini na Masar, ya kuma yabe shi ƙwarai. A nan akwai abin mamaki. Ɗaha Husaini shi ne wanda a 1926 ya tā da ƙura a Masar da littafin da ya jefa shakka a kan yawancin waƙoƙin Jahiliyya, yana cewa daga baya aka ƙaga su. Sai ga shi bayan shekara 29 yana gabatar da littafin wani saurayi daga Sudan wanda ya kafa gininsa a kan waɗannan waƙoƙi.

To, mene ne ruwan filin addini da waƙoƙin mutanen da suka yi bautar gumaka, suna wasa raƙuma da giya da mata? Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma magabata sun riga sun amsa ta.

Alƙur'ani da harshen Larabawa ya sauka, kamar yadda Allah ya ambata a farkon suratu Yusuf da wasu wurare. Harshen kuwa ba a ƙamus aka ajiye shi a wancan zamani ba, domin babu ƙamus. A waƙa aka ajiye shi. Malaman tafsiri irin su Ƙurɗubi sun kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yana kan mumbari ya tambayi jama'a ma'anar kalmar tahawwuf da ta zo a aya ta 47 cikin suratun Nahli. Aka yi shiru. Sai wani tsoho daga ƙabilar Huzailu ya miƙe ya ce a harshensu ma'anarta ragewa kaɗan kaɗan. Umar ya tambaye shi ko Larabawa sun san haka a waƙoƙinsu. Tsohon ya kawo baitin wani mawaƙinsu wanda ya siffanta taguwar da sirdi ya yi ta cin tozonta har ya zaizaye. Nan take Umar ya hori jama'a da su riƙe waƙoƙin Jahiliyya, domin a cikinsu akwai fassarar Littafinsu. A duba fa, Umar ne, Baƙuraishe, wanda aka saukar da wahayi yana raye, bai ji kunyar tambaya a bainar jama'a ba.

Haka Abdullahi ɗan Abbas, wanda ake yi wa laƙabi da Tarjumanul Ƙur'an. An ruwaito ya ce bai gane haƙiƙanin kalmar faɗir ba, wadda Allah ya siffanta kansa da ita game da sammai da ƙasa, sai ranar da wasu ƙauyawa biyu suka kawo masa ƙara a kan rijiya, ɗayansu ya yi amfani da kalmar yana nufin shi ne ya fara haƙa ta. Suyuɗi kuma a cikin Al'itƙan ya jero tambayoyin da Nafi'u ɗan Azraƙ ya yi wa Ɗan Abbas a kan kalmomin Alƙur'ani, kowace kalma ya fassara sai ya kafa mata hujja da baiti. Imamu Shafi'i ya zauna cikin ƙabilar Huzailu yana ɗaukar harshe da waƙa kafin ya zama abin da ya zama a fiƙihu. An kuma ruwaito daga Imamu Malik cewa in aka kawo masa mutumin da ke fassara Littafin Allah ba tare da sanin harshen Larabawa ba, zai hore shi ya zama abin wa'azi ga wasu.

Malaman ƙasar nan na dā sun san haka sarai. Shi ya sa ɗalibin zaure ba ya hawa kujerar tafsiri sai ya bi ta Ajuruma da Alfiyyar Ɗan Malik, ya karanta Ishiriniya da Burda, ya shiga Muƙamar Hariri da Shu'ara. Ba don nishaɗi aka sa su a hanya ba. Almurshid na Abdullahi Ɗayyib hidima ce ga wannan tsohuwar hanya, da kayan aiki na zamaninsa.

Amma da a nan ya tsaya, da malamai kaɗai za su san shi. Abin da ya shigar da shi gidajen talakawan Sudan shi ne tafsirin da ya yi a gidan rediyon Umdurman, daga 1958 zuwa 1969, tun daga Fatiha har Nasi. Shaihu Siddiƙ Ahmad Hamdun shi ne mai ja masa baƙi. Ya karanta ayoyi, shi kuma ya fassara. Da wane harshe? Da Larabcin gida, irin wanda manomi da mai jan jaki da tsohuwa a tsakar gida ke magana da shi. Mutumin da tun 1961 aka zaɓe shi cikin Majalisar Harshen Larabci ta Alƙahira, wanda in ya ga dama zai yi sa'a guda yana magana da kalmomin da sai an buɗe Lisanul Arab kafin a gane su, shi ne ya zauna shekara 11 yana warware maganar Allah da harshen kasuwa. An yi ta maimaita shirin shekaru da yawa bayan an gama shi, har yara suka tashi suka tsufa da muryoyin mutanen nan biyu a kunnensu. Ya kuma rubuta tafsirin wasu juzu'ai, kamar Amma da Ƙad Sami'a.

Wannan ita ce sunnar Annabawa. A aya ta 4 cikin suratu Ibrahim Allah ya bayyana cewa kowane Manzo da harshen mutanensa aka aiko shi, ya kuma faɗi dalili, watau domin ya yi musu bayani. Buhari ya kawo maganar Sayyidina Ali, Allah ya yarda da shi, yana horon masu wa'azi su yi wa mutane magana da abin da za su gane, don kada su zama sanadin a ƙaryata Allah da Manzonsa. Sauƙaƙewa irin wannan kuwa sai wanda ya ƙoshi. Mai rabin sani ba ya iya ta, domin in ya saki lafazin da ya haddace ba shi da wani abin kamawa. Wanda ya san kalma tun daga saiwarta, ya ga yadda mawaƙa goma suka juya ta, shi ne zai iya samo mata 'yar'uwa a bakin tsohuwa ba tare da ya karya ma'ana ba.

Mutanen ƙasar Hausa ba su rasa misalin wannan a gida ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Albahrul Muhiɗ a nahawu da Alhisnur Rasin a sarfu, ya rubuta babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awil, sa'an nan ya dawo ya taƙaita shi a Kifayatu Lu'afa'is Sudan domin masu ƙaramin ƙarfi. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u, duk da zurfinsu a Larabci, sun yi wa jama'a wa'azi da waƙa cikin harsunan da suke ji. Jan baƙi da fassara a watan Azumi, wanda gidan rediyon Kaduna ya kai ƙauyuka, daga wannan tushe ya fito. Saboda haka sa'ad da Abdullahi Ɗayyib ya zo Kano, ƙasar da ta san irinsa ya zo.

Zumuncin ilmi tsakanin Arewa da Sudan ya girmi zuwansa. Ta can hanyar Hajji ta ƙasa ta bi, kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suna nan a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano cikin 1934, wadda ta zama Makarantar Koyon Larabci, daga Sudan aka ɗauko malamanta na farko. A cikin wannan makaranta ne aka kafa Kwalejin Ahmadu Bello a 1960. Da aka buɗe jami'a a Zariya cikin 1962 aka ba ta sunan Sardauna, sai aka mai da sunan ta Kano Kwalejin Abdullahi Bayero. A 1964 kwalejin ta koma wani mazauni na aro, tsohon otal ɗin filin jirgin sama na Kano, ta ɗauki ɗalibai 10 domin karatun digiri na farko. Wannan ita ce makarantar da aka kira Abdullahi Ɗayyib ya shugabanta. A auna fa: mutumin da ake karanta littafinsa a Alƙahira da Bagadaza, shugaban tsangaya a babbar jami'ar ƙasarsu, ya bar wannan ya zo ya zauna da ɗalibai 10 a ɗakunan otal. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna ƙasa ta shiga ruɗani, ɗaliban farko suka kammala, shi kuma ya koma Hartum, Alhaji Hamidu Alƙali ya gaje shi. Kwalejin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977.

Tafiya neman ilmi an san falalarta. Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda domin hadisi ɗaya. Amma akwai wata tafiyar da ba a cika ambato ba, ita ce tafiyar malami zuwa wurin ɗalibai. Irinta Mus'abu ɗan Umairu ya yi zuwa Madina kafin Hijira, irinta Mu'azu ɗan Jabal ya yi zuwa Yaman, irinta kuma ta kawo Shaihu Magili Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sauran rayuwar Abdullahi Ɗayyib a kan wannan ta tafi. Ya shugabanci Jami'ar Hartum daga 1974 zuwa 1975. Aka ba shi aikin kafa Jami'ar Juba a kudancin ƙasar, inda yawancin jama'a ba Musulmi ba ne, garin da ya zama babban birnin Sudan ta Kudu a 2011. Daga 1977 ya koma Maroko, ya yi wajen shekara 9 yana koyarwa a jami'ar Sidi Muhammad bin Abdullahi da ke birnin Fas, har ya kan yi karatu a majalisin Azumi da Sarki Hasan na Biyu ke tara malamai a fadarsa. Da ya komo gida aka ba shi shugabancin Majalisar Harshen Larabci ta Sudan. A shekarar 2000 aka ba shi Lambar Sarki Faisal ta adabin Larabci, shi da Izzuddin Isma'il na Masar.

Ba duk abin da ya faɗa aka karɓa ba, bai kuwa kamata a ɓoye wannan ba. Ya tsananta ƙwarai a kan sabuwar waƙar Larabci wadda ta yar da ma'auni da amsa-amo, har mawaƙan zamani da yawa suka ɗauke shi mai tsaurin ra'ayi. Ya kuma yi rubutu yana cewa shahararren mawaƙin Ingilishi T. S. Eliot ya ɗebo daga tsofaffin waƙoƙin Larabawa bai ambata ba, maganar da masana da dama suka ga hujjarta ba ta kai ba. Mai yiwuwa ƙaunar harshe ce ta rinjaye shi a nan, ƙauna kuwa ta kan sa mutum ya ga fuskar masoyinsa a kowace taga. Imamu Malik ya riga ya faɗa cewa kowa ana ɗaukar maganarsa ana bari, in ban da Ma'aikin Allah.

Yanzu sai a waiwayo gida a duba abin da hadisin farko ya yi gargaɗi a kai. Makarantun Larabci sun yawaita a ƙasar nan fiye da kowane zamani, masu takardun shaida kuma ba su ƙidayuwa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san abin da ke ƙarƙashin takardun. Akwai mai digiri wanda in aka miƙa masa shafi ɗaya marar wasali sai gumi ya karyo masa. Akwai wanda ya ci jarrabawar adabi bai taɓa haddace ƙasida ɗaya cikakkiya ba, taƙaitaccen bayanin da malami ya rubuta a allo shi ya haddace ya mayar. Iyaye kuma da nasu laifin. Yaron da ya fi kaifin ƙwaƙwalwa a tura shi likita ko injiniya, wanda ya kāsa a ce ya je ya yi Larabci, kamar dai Littafin Allah shi ya cancanci saura. Sa'an nan in watan Azumi ya kama, wannan yaron ne zai hau kujera da lasifika.

Wasali ɗaya kuwa ba abin wasa ba ne. Malaman nahawu suna ba da labarin mutumin da ya karanta aya ta 3 cikin suratut Tauba, ya sa wa kalmar Manzo kisira a inda take da rufu'a, sai ma'ana ta juye ta zama wai Allah ya barranta daga Manzonsa, alhali ayar tana cewa Allah da Manzonsa ne suka barranta daga mushirikai. An ce irin wannan ne ya sa Abul Aswad Addu'ali ya tashi ya sa wa Mus'hafi alamun wasali. In Balarabe na ƙarnin farko ya yi wannan tuntuɓe, ina ga wanda ya tsallake Ajuruma ya faɗa Jalalaini?

Akwai kuma cuta ta biyu, kishiyar ta farko. Shi ne malamin da ya yi karatun da gaske, amma in ya zauna gaban jama'a sai ya cika bakinsa da Larabci, kalma ɗaya Hausa biyu Larabci, tsofaffi suna gyaɗa kai suna cewa malam ya iya, su tashi ba su ƙaru da kome ba. Wannan ya ci amanar aya ta 4 ta suratu Ibrahim. Irinsa ya kamata ya ji labarin mutumin Damar, wanda Ɗaha Husaini ya yaba wa littafinsa, amma bai ga ƙasƙanci ba a cikin yi wa mai jan jaki magana da harshensa. Ɗalibin da ke son hawa kujerar tafsiri, abin da ke kansa shi ne ya zurfafa a Larabci har ya daina jin tsoronsa, ya kuma koyi Hausa mai kyau a bakin tsofaffi, da karin maganarta da sunayen abubuwa, domin ita ce mazubin da zai miƙa wa jama'a abin da ya ɗebo. Masu hannu da shuni da ke gina masallatai su ma su sani, ɗaukar nauyin yaro mai hazaƙa shekara 10 yana karatun harshe sadaka ce mai gudana, ko da ba za a manna sunan kowa a bango ba.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku, ɗaya daga cikinsu ilmin da ake amfani da shi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu 2023 ya rufe Jami'ar Hartum ya yi mata ɓarna, gidan rediyon Umdurman kuma ya zama sansanin mayaƙa har wajen shekara guda, aka yi ta fargaba a kan taskar faya-fayansa. Sai aka tarar tafsirin Abdullahi Ɗayyib ya riga ya fita daga taska. Mutane sun kwafe shi sun watsa a intanet, 'yan gudun hijira suna sauraronsa a wayoyinsu. Almurshid kuma an sake buga shi fiye da sau ɗaya, ana samunsa a ɗakunan karatu na sassan Larabci.

Ya yi doguwar jinya a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu yana da shekara 82. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da alheri a kan ɗaliban Kano. Allah ya jiƙan Shaihu Siddiƙ Ahmad Hamdun da ya ja masa baƙi. Allah ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, amin.